Daga Barmu zuwa Birnin Shehu: Abin da iyali za su sani kafin ziyarar Sakkwato

Da zarar an ɗaure dammunan hatsi an rufe rumbuna a arewacin Adar, zancen tafiya ne ke cika majalisu. Samari da magidanta na haɗa jakar ci-rani, wasu su nufi Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya. Sai dai akwai wata tafiyar da ba ta neman kuɗi ba, wadda dattawa, musamman tsofaffin mata, kan daɗe suna roƙon ƴaƴansu: a kai su Sakkwato su ziyarci Hubbaren Shehu, su gana da dangin da aka jima ba a haɗu ba, tun ƙafa na iya ɗaukarsu.

A ido tafiyar ba ta da nisa. Daga Tawa zuwa Birnin Ƙwanni kimanin kilomita 130 ne, daga Ƙwanni zuwa Sakkwato kuma kimanin 90. Ke nan Sakkwato ba ta kai rabin nisan Yamai ba ga mutumin Tawa, tunda babban birnin ƙasar na da tazarar kusan kilomita 550. Amma a tsakanin akwai iyakar ƙasa, akwai canjin kuɗi, akwai shingayen jami'ai, ga kuma matsalar tsaro da ta sauya fasalin tafiye-tafiye a yankin cikin shekarun nan. Magidancin da ya saba ƙetare iyaka shi kaɗai da ƴar jakarsa zai tarar lissafin ya bambanta idan ya ɗauko uwa, mata da yara ƙanana.

Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga Ba'adare

Tarihin daular Usmaniyya ya faro ne daga cikin jihar Tawa ta yau. An haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a watan Disamban 1754 a Marata, kusa da Galmi, kafin iyayensa su koma Degel inda ya tashi. Malaminsa da ya fi yi masa tasiri, Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas neman ilimi, a yankin Madawa ya rasu. Bayan hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, Ƙwanni na cikin garuruwan farko da mayaƙan jihadi suka ci. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, sannan a 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a matsayin birni mai ganuwa.

Dangantakar Adar da sabuwar daular ta ga ƙawance, ta kuma ga yaƙi. Masanin tarihi Farfesa Djibo Hamani ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda aka wallafa a 1975. Abin da bai taɓa yankewa ba shi ne zirga-zirgar mutane: fatake, almajirai, masu gudun fari, da masu neman aure. Har yau sunayen wasu mazaɓun birnin Sakkwato na ɗauke da shaidar haka, irin su Sarkin Adar Gandu da Sarkin Adar Gidan Igwai, akwai kuma unguwar da ake kira Kwanni. Hakimin Dundaye, a bakin birnin, sarautar Sarkin Adar yake riƙe da ita.

Iyakar da ta raba ɓangarorin biyu a teburin Turawa aka shata ta. A yarjejeniyar 1898, Ingila ta karɓi duk ƙasar da ke cikin da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, lamarin da ya tilasta wa Faransawa bin hanyar arewa mai ƙarancin ruwa ta Tawa idan za su Damagaram. Faransa ta yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo layin zuwa kudu, Ƙwanni ta faɗa ɓangaren Faransa. Shi ya sa dattijuwar Barmu za ta sauka a Sakkwato ta ji ana cewa “mi” da “hura” da “kassuwa” daidai da yadda ake faɗi a gidanta. Bambancin da za ta ji a kalmomin aro ne kawai: inda ta saba da likita za a ce mata asibiti, farmasi ta koma kemis, duwan ya koma kwastan, esansi ya koma fetur.

Wane lokaci ya dace?

Zaɓen lokaci shi ne matakin farko, kuma a Adar ba abu ne mai sauƙi ba. Babban hutun ƴan makaranta a Nijar, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, ya faɗo daidai da damina. Lokacin maza na gida, amma kowa na gona, aljihu babu nauyi, hanyoyin karkara na yankewa idan ƙoramu sun kawo, ga zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta daga Agusta zuwa Oktoba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi ne: Sakkwato na cikin biranen da suka fi zafi a Najeriya, inda ma'auni kan haura 40 a waɗannan watanni. Ɗaukar tsohuwa mai hawan jini ko jariri cikin cunkoson mota a irin wannan yanayi ganganci ne.

Abin da ya rage shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu. An yi girbi, an sayar da wake, sanyi ya sauka, sauro ya ragu. Ga gidan da ke da ƴan makaranta, hutun ƙarshen Disamba ya fi dacewa, tunda kwana huɗu ko biyar sun isa a je a dawo. Cikas ɗin shi ne wannan ne lokacin da mai gida ke son kama hanyar ci-rani, don haka sai dai ya jinkirta tashinsa, ko a wakilta wani babba namiji daga cikin dangi ya jagoranci tafiyar. Hunturu ma na da nasa sharaɗin: a tanadi rigunan sanyi da barguna, a kuma kula da masu ciwon asma saboda ƙura da hazo.

Masu son ganin hawan Sallah su tuna cewa Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin wata ga Najeriya, Nijar kuma na da nata tsarin sanarwa, don haka wani lokaci akan samu bambancin kwana guda. A kwanakin Sallah kuɗin mota na tashi, masauki na wuya, gidajen dangi kuma cike suke da baƙi.

Takardu kafin a bar gida

Iyakar Ƙwanni da Ilela ta sha rufewa a shekarun baya-bayan nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta buɗe ta Ilela ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ƙungiyar ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO, ya sake rufe ta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar ta biyo baya ranar 22 ga watan.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A sanarwar da ta fitar a ranar, ƙungiyar ta buƙaci ƙasashenta su ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaida masu tambarinta da ke hannun ƴan ƙasashen uku, su kuma bar su su shiga ba tare da biza ba, har zuwa wani sabon umarni. Tunda an ce har zuwa sabon umarni, abin na iya sauyawa, don haka ya kamata a tambayi ofishin ƴan sanda a Tawa ko wani ɗan uwa mazaunin Ƙwanni halin da ake ciki, kwana biyu ko uku kafin tashi.

Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ko fasfo ga mai shi. A nan ne tsofaffi suka fi samun matsala, domin da yawa katinsu ya daɗe da mutuwa, wasu ma ba su taɓa yi ba. Sabunta kati na ɗaukar lokaci, saboda haka da shi za a fara, makonni kafin ranar tafiya.

Yara kuma a ɗauko takardar haihuwar kowannensu, ko takardar kotu da ke maye gurbinta ga wanda ba a yi wa rajista a kan lokaci ba. Idan yaro zai tafi da kaka, ƙanin uba ko gwaggo ba tare da iyayensa ba, a nemi takardar izinin iyaye mai hatimin hukuma. Dalili kuwa shi ne jami'an ƙasashen biyu na sa ido sosai kan masu fita da yara, saboda matsalar safarar yara da kai su bara ƙasashen waje. Dattijuwar da ke tafe da jikoki uku babu takarda ko ɗaya na iya shafe sa'o'i tana bayani a shinge.

Sai katin rigakafi. Najeriya na neman shaidar allurar zazzaɓin shawara daga masu shigowa, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har abada, don haka tsohon kati na nan da amfaninsa. Rani kuma lokacin sanƙarau ne a Tawa da Sakkwato baki ɗaya, yana da kyau a duba katin yara a ga ko sun samu rigakafinta. Kada a yi mamaki idan ma'aikatan lafiya a bakin iyaka sun nemi ɗiga wa ƴan ƙasa da shekara biyar maganin shan-inna. A ɗauki hoton duk waɗannan takardu a waya, a kuma bar kwafi a gida.

Hanya zango-zango

Tafiyar zango huɗu ce. Na farko daga Barmu zuwa Tawa, kuma ya fi kyau a yi shi tun jajibiri a kwana a birni, don a samu motar sassafe. Na biyu daga Tawa zuwa Ƙwanni, ta Badagishiri da Gidan Idar har mararrabar Tsarnawa, inda ake hawa babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM da ke zuwa Yamai na bi ta Ƙwanni, kuma sun fi sauƙi ga tsofaffi tunda kowa da kujerarsa. Ƙananan motocin tasha sun fi yawa, sai dai ba sa tashi sai sun cika.

Zango na uku shi ne ƴan kilomitocin da ke tsakanin Ƙwanni da Ilela. A nan baƙo kan rikice da suna, domin Ilela biyu ce: akwai ta Nijar, mazaunin Sarkin Adar, wadda ake ratsewa zuwa gare ta daga Badagishiri, akwai kuma Ilelar Amarawa ta jihar Sakkwato, wadda ita ce a bakin iyaka. Ƴan kabu-kabu za su yi tayin bi da mutum ta ɓarauniyar hanya don kauce wa shinge. Ga mai iyali wannan tayi ba abin karɓa ba ne: wanda ya shiga ba ta ƙofa ba, ba shi da bakin magana idan aka tare shi a gaba, ga haɗarin ɗora tsohuwa da yara a babur cikin yashi.

Zango na huɗu daga Ilela ne zuwa Sakkwato, ta Gwadabawa da Kware. Akwai shingayen kwastan, na jami'an shige da fice, ƴan sanda da sojoji, don haka tafiyar kan ɗauki lokaci fiye da yadda nisan ya nuna. Mutum ɗaya ya riƙe takardun kowa, shi ne kuma zai riƙa amsa tambaya. Ranakun kasuwa ma na shiga lissafi: Ƙwanni na ci Laraba, Ilela Lahadi, Badagishiri Alhamis. A irin waɗannan ranaku mota ba ta wuya, amma cunkoso da ƴan sane sun fi yawa. Dokar da direbobin hanyar suka fi nanatawa ita ce a isa masauki kafin faɗuwar rana. Agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, babu gyaran lokaci.

Sefa, naira da tsaraba

Hanya mafi sauƙi ta ƙiyasta kuɗin mota ita ce a ninka yawan kujeru da yawan zango. Gida mai mutum bakwai da zai biya kujera biyar, tunda ƙanana biyu a cinya za su zauna, zai biya sau 20 a zuwa, sau 20 a dawowa, ban da kuɗin kaya da na zirga-zirga cikin gari. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi sosai a can, don haka farashin da wani ya biya shekaru uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne. A ware kuɗin dawowa daban a hannun wani babba, a kuma ajiye wani abu saboda rashin lafiya.

Sefa na ɗaure da kuɗin Turai na yuro a kan farashi tsayayye, naira kuwa an sake ta ga kasuwa tun Yunin 2023, shi ya sa canji ke motsi kusan kullum. Akwai ƴan canji a Ƙwanni da Ilela. A tambayi mutum biyu ko uku kafin a yanke, a ƙirga kuɗi a gabansu, kuma kada a canza duka lokaci guda, domin nairar da ta rage sai an sake yin asara wajen mayar da ita sefa. Akwai kuma bambancin ƙirga da ke ruɗa tsofaffi. A Adar da dala ake lissafi, inda dala ɗaya take sefa 5, jika kuma sefa 1,000. A Sakkwato idan mai kaya ya ce ɗari biyar, naira 500 yake nufi kai tsaye.

Layin wayar Nijar kan ɗauke bayan an yi nisa da iyaka, sai ga wanda ya buɗe tsarin amfani da shi a waje, shi kuma yana da tsada. Sayen sabon layi a Najeriya na buƙatar rajista da takardun shaida. Mafita ita ce a rubuta lambar mai masauki a takarda, a sa a aljihun kowane yaro da kowane tsoho, a kuma sanar da shi lokacin da aka bar Ƙwanni.

Ba a zuwa gidan dangi hannu rabbana. Cuku, kilishi, dabino, albasa ƴar kaɗan da tabarmar Madawa tsaraba ce mai daraja a Sakkwato. Sai dai a yi hattara da hatsi: a watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta haramta fitar da hatsi, dawa, wake, masara da shinkafa zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso. Buhun hatsin da aka ɗauko da niyyar kyauta na iya jawo tsaiko a duwan. A dawowa ma, kayan da suka yi kama da na sayarwa, kamar atamfa turmi da yawa, za a nemi a biya musu kuɗin fito.

Abin da za a gani a birnin

Sa'ar mai ziyara ita ce muhimman wuraren na kusa da juna a cikin tsohon gari. Hubbare gidan Shehu ne, inda ya zauna bayan ya taso daga Sifawa a 1815, kuma nan aka binne shi da ya rasu ranar 20 ga Afrilun 1817. A harabar akwai kaburburan wasu daga cikin matansa da ƴaƴansa, da na wasu sarakunan Musulmi na baya, ciki har da Ibrahim Dasuki da ya rasu a 2016. Ana cire takalmi, ana sa tufafin mutunci, kuma akwai masu kula da wurin da ke nuna wa baƙi kabarin kowa. A tambaye su kafin a ɗauki hoto. Akwai mabuƙata a bakin ƙofa, don haka mai niyyar sadaka ya tanadi ƙananan kuɗi. Malamai sun sha bamban kan wasu abubuwan da ake yi a wajen ziyarar kaburbura, kuma gida ɗaya kan haɗa masu fahimta daban-daban. Gara a tattauna wannan tun a Barmu da a tsaya musu a ƙofar Hubbare.

Ga mata da ƴan mata, kabarin Nana Asma'u na da nasa matsayi. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda take naɗa jajis, wato shugabannin mata da ake ba malfa a matsayin alama, su jagoranci matan ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su koyar a garuruwansu. Yarinyar da ke aji shida a Barmu za ta amfana da jin cewa kusan shekara 200 da suka wuce mata na taka ƙasa daga ƙauye zuwa wannan gida saboda ilimi.

Kusa da nan akwai Masallacin Shehu, sai Masallacin Sarkin Musulmi Bello da fadar Sarkin Musulmi, inda Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, na 20 a jerin, ke kan gado tun Nuwamban 2006. Ranar Juma'a wurin na cika maƙil. Mai son ganin taro ya zo a ranar ya riƙe hannun yaransa da kyau, mai tafe da tsoho marar ƙarfi kuma ya zaɓi safiyar wata ranar.

Gidan tarihi na Waziri Junaidu, wanda aka sa wa sunan shahararren malamin nan da ya rasu a 1997, na ajiye da rubuce-rubucen hannu, wasiƙun sarakuna, makamai da kayan sarauta. Ma'aikatar gwamnati ce, don haka a je a ranakun aiki. A nan ne ɗalibi zai ji labarin littattafai irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da labarin Bature Clapperton da ya zo wurin Bello a 1824, ya dawo ya rasu a Sakkwato a 1827. Filin Giginya kuma shi ne inda dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka kara da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903, kafin ya yi hijira gabas a kashe shi a Burmi cikin Yulin shekarar. Ganuwar birnin ta shafe, amma sunayen ƙofofinta na nan a bakin jama'a: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Joɗi.

Kasuwa ma wurin kallo ce. Sakkwato ta yi suna da aikin fata tun zamanin fatake, lokacin da ake kai fatar jar akuya ta hamada zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko. Irin wannan akuya ce ake kira jar akuyar Maraɗi a Nijar. Dukawa na nan suna ɗinka takalma, jakunkuna da matasan fata. Babbar kasuwar birnin ta yi mummunar gobara a watan Janairun 2021, amma tsohuwar kasuwa da shagunan littattafan addini da ke cikin gari sun ishi mai neman tsarabar komawa gida.

Wuraren da za a haƙura da su

Da yawa daga cikin wuraren tarihin jihadi na wajen birni, kuma a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Kabarin Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, na Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato. Kufan Alƙalawa na yankin Sabon Birni. Gabashin jihar, wato Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo da Wurno, ya daɗe yana fama da ƴan bindiga masu satar mutane. A watan Oktoban 2021 an kashe mutum fiye da 40 a harin kasuwar Goronyo, sannan a Disamban shekarar aka ƙona matafiya cikin motarsu a yankin Sabon Birni. Ta ɓangaren arewa maso yamma kuma, inda Gudu da Tabkin Kwatto suke, rundunar sojin Najeriya ta sanar a Nuwamban 2024 cewa ƙungiyar Lakurawa na da sansani a ƙananan hukumomin Gudu da Tangaza.

Saboda haka iyalin da ke tafe da mata da yara su tsaya a cikin birni da kan babbar hanya. Degel na cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa, ba nisa da hanyar Ilela, amma ko ita kada a ratse sai mai masauki ya tabbatar da lafiyar hanyar a ranar. Mai sauran kwana da kuɗi zai iya duba Argungu a jihar Kebbi, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, inda gidan tarihi na Kanta yake, da Matan Fada, wurin bikin kamun kifin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Marata kuwa a gida take: daga mararrabar Tsarnawa sai a yi gabas ta Malbaza zuwa Galmi, ba a buƙatar ƙetare iyaka.

Masauki da kula da masu rauni

Yawancin Adarawa gidan dangi ko na mutanen garinsu suke sauka. Zumunci ne, amma rayuwa ta yi tsada a Najeriya, kuma ciyar da baƙi bakwai na kwana uku nauyi ne a kan mai albashi ko ɗan tireda. A sanar da mai gida tun da wuri, a faɗa masa adadin mutane da na kwanaki, a kuma sa hannu a cefane ko da ya nuna kunya. Wanda ba shi da kowa akwai gidajen baƙi masu farashi daban-daban, sai dai a duba ruwa da wuta kafin a biya.

Tsoho mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga ya taho da wanda zai ishe shi har da ƙarin kwana biyu, tare da kwalinsa ko takardar likita, tunda sunan magani a kemis na iya bambanta da wanda ya saba gani a farmasi. A riƙe gishirin zawo na yara, gidan sauro da ruwan sha mai tsabta. A cikin gari keke Napep ya fi babur dacewa da mai iyali, kuma a yi ciniki kafin a hau.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne na kwana biyar: kwana ɗaya a Tawa, rana ta biyu a hanya, ta uku Hubbare da masallatai da fada, ta huɗu gidan tarihi da kasuwa da gaishe-gaishen dangi, ta biyar a kamo hanya da sassafe. Wanda ya bar Sakkwato bayan sallar asuba, idan shingaye ba su riƙe shi ba, zai iya riskar la'asar a Tawa, daga nan ya duba ko akwai motar Barmu ko kuwa sai washegari.